Baƙin da Ba Sa Sallama

A gidanmu na Ƙofar Gabas ba a taɓa sayen kyanwa ba, ba a kuma taɓa roƙo a gidan wani ba. Zuwa suke yi. Wata ta diro ta katanga da dare, wata a wayi gari a same ta ƙarƙashin rumbu ta haihu, wata kuma ta biyo ƙamshin daddawa da busasshen kifi tun daga zaure har tsakar gida, ta zauna nesa kaɗan da murhu ta naɗe wutsiya, sai ka rantse da kakanninta aka yanki filin. Ba wanda yake cewa an ƙaru. Sai dai da magariba ka ga Iya ta gutsuro tuwo daga akushinta, ta dangwala a miya, ta miƙa hannu bayan randa, inda wani tsohon kasko mai fasasshen baki yake zaune cikin danshi, ta ajiye ba tare da ta dubi kowa ba. Shi ke nan, an karɓi baƙuwa.

Iya ita ta haifi Baba. 'Yar Katagum ce, ta can bakin kogi, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda a ranta cewa Azare ta isa a kira ta gari ba. Takan ce tana 'yar yarinya mai tallan dakuwa aka ɗaure kayan fada, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka taho da su nan, dawaki a gaba, jakuna da takarkarai a baya, amma wai sarauta ce kawai ta yi ƙaura, gari yana nan inda Malam Zaki ya kafa shi. In na tuna ɗakinta, hanci ne yake riga ido shiga: hayaƙin aci-balbal da ya dafe a jikin azara, man shanu a ɗan ƙoƙo, jar kanwa, tabarmar kaba da ta sha ruwan alwala har ta yi laushi, da wani ƙamshi na adudu wanda yake tashi duk ranar da ta buɗe shi don ta shanya zannuwanta na saƙi da likkafanin da ta tanada tun ban san kaina ba. A kan murfin adudun nan kyanwa take kwana. Mu jikoki ba mu isa mu ɗora ko gwiwar hannu a kansa ba.

Guda ɗaya ce ba ta zo da ƙafarta ba, ni na kawo ta. An aike ni Bakin Kasuwa sayen naman sule, ina ɗan firamare mai gajeren wando da kaushi a dunduniya, na tsaya kallon ungulaye sun jeru a kan rumfar mahauta suna jiran a zubar da kayan ciki, sai na ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin tukubar mai tsire. 'Yar mitsitsiya ce, kwantsa ta manne mata idanu, jikinta duk toka da ƙuma. Me ya sa yaron nan ya cire hularsa, hular da aka saya masa da sallah, ya sa ta a ciki? Ina hango shi daga nan inda nake zaune, nama a hannu ɗaya ƙunshe cikin takardar siminti, hula a ɗaya hannun, yana taka yashi mai zafi sannu a hankali don kada ya girgiza ta, kuma ban gane shi sosai ba. Ni na yau da sai na tsaya lissafin ƙuma da kuɗin hula.

Inna na ganina ta dafe ƙirji. "Maza mayar da ita inda ka ɗauko! Ka san ko ta waye? Ka san ko mece ce?" Baƙa ce wuluk, ga shi ba a daɗe da yin maganar maita a unguwa ba. Iya ta leƙo daga ƙofarta, carbi a hannu. "Ke 'yar nan, ai ya riga ya ɗauka. Da ya wuce ta, tsakaninta da Allah ne. Tun da ya sa hannu, haƙƙinta ya hau kan gidan nan." Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Iya," ta koma bakin murhu ta huce a kan itace.

Iya ta sa aka ɗumama ruwa, ta jefa ɗan gishiri, ta yi ta goga mata idanu da tsumma har suka buɗe. Ta sa aka tatso akuya, ta murza auduga ta yi ɗan lagwani, tana tsomawa tana ɗiga mata a baki, dare da rana, har ta iya lasa da kanta. In ta kwanta a cinyarta tana wannan gurnani nasu na jin daɗi, sai Iya ta ɗaga mana yatsa ta ce mu yi shiru, tasbihi take yi. Daga nan kuma sai labarin matar nan da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba har ta mutu, aka jefa matar wuta saboda ita. Da muryar da take ba da labarin kishiyoyinta take ba da shi, tana taɓe baki tana cewa "muguwar mata," har na yi wayo ina zaton matar 'yar Katagum ce, kuma Iya ta san gidansu. Sai da na shiga makarantar dare na ji shi a bakin malam, cikin hadisi.

Kwanakin baya jikata da take zaune a Ingila ta kira ni ta waya mai hoto, ta ce, "Angona, ka ga wadda na samo, yanzu ba ruwana da kai." Ta juya wayar, sai ga jar kyanwa a kan kujera mai laushi. Daga gidan Battersea ta karɓo ta, a Landan, gidan da wata mata ta kafa a 1860 domin karnukan da ba su da kowa, daga baya aka haɗa da kyanwoyi. Sai da ta cike takarda, aka tambaye ta irin ɗakin da take ciki, da tsawon lokacin da take yi a waje, da ko mai gidan hayar ya yarda. Ita kyanwar kuma an riga an yi mata allura, an yi mata aikin hana haihuwa, an sa mata wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarta, sannan aka biya kuɗi aka miƙo ta. Na ce, "Amarya, wannan ai aure aka ɗaura, goro ne kawai ba a raba ba." Ta yi dariya, ta ce ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ƙasar tun 1824 take. Shekarar ta tsaya mini a rai, domin a cikinta ne Bature Clapperton ya sauka Katagum wajen Sarki Ɗan Kauwa, abokin tafiyarsa likita Oudney kuma ya mutu a Murmur, nan kusa. Na so in ce mata ko a ran nan akwai kasko a bayan randar wata tsohuwa a garin, sai layi ya yanke. Ba na jin ma za ta gane kaskon da nake nufi.

Babbar dabba kuwa, in ta rasa mai ita, ƙofar gidan mai unguwa ake kai ta. Akwai 'yan turaku a gindin darbejiya, kullum da kashin awaki da ragowar harawa a wurin. Tunkiyar da ta ɓace wa garke ran kasuwa, ɗan akuyan da ya faɗa gonar mutane, nan ake ɗaure su a ba su ruwa, sanƙira ya zaga da yamma yana cigiya, a kuma faɗa a masallaci bayan an sallame. Yawanci ba a kwana biyu mai abu ya zo da shaidunsa, ya faɗi tsagar kunne ko tabon ƙafa, ya ba yaran gidan na goro, ya ja abarsa.

A turken nan jakin da muke kira Aura ya kwana kafin ya zo gidanmu. Shekarar da aka canja kuɗi ce, 1973, da Baba ya dawo da sababbin kwabbai masu sheƙi muka yi ta juya su muna neman hujin da babu, kuma shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da kaka ta yi, kakar da ba a ji amon sussuka ba, sai mutanen arewa suka fara gangarowa, Buzaye da rawunansu da suka koɗe, Fulani, Mangawa, mata da yara a kan raƙuma da jakunan da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. In iska ta juyo daga bayan gari, warin mushe take kawowa. Wasu daga cikinsu suka kwana a gindin tsamiyar bakin kududdufi, da asuba suka tashi suka bar jaki guda a kwance da guntuwar igiya a wuya. Ko a lokacin ban ga laifinsu ba. Shi ba ya iya tashi, su ba sa iya zama.

Samari suka zura sanduna biyu ƙarƙashin cikinsa suka tallabo shi har ƙofar mai unguwa. An yi cigiya ran kasuwa, an yi ran Juma'a, an sake yi, ba wanda ya zo, ba kuma mai son ƙarin baki a shekarar da mutane suke tankaɗe dusa su tuƙa. Sai Baba ya je bayan la'asar, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni riƙonsa. In mai shi ya zo, ga shi ga abinsa." Mai unguwa ya sa liman da dattawa biyu suka shaida. Inna ba ta ce uffan ba da aka shigo da shi. Sai dai ran nan a gaban Baba ta auna tsaba, mudu a hannu, tana shafe bakinsa da yatsa a hankali, yadda zai gani.

Gyambo ne a bayansa inda akumari ya ci, faɗin tafin hannun babba, da tsutsa a ciki, da wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda har yau in na bi ta kwata da zafin rana yakan dawo mini. Aikina riƙe kunne. Baba yakan wanke da ruwan ɗumi da kanwa, ya tsince tsutsotsin da tsinke ɗaya bayan ɗaya yana jefa wa kaji, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya shafe gefe da man kaɗanya, sannan a rufa tsohon buhu a ɗaure da igiyar rama saboda ƙuda da carki. Jakin ko motsi ba ya yi, fatarsa ce kawai take rawa, numfashinsa mai ɗumi yana sauka a kan yatsun ƙafata, ni kuma ina jin jijiyar kunnensa tana harbawa a cikin hannuna. Wata rana malamin dabbobi ya biyo a kan kekensa Raleigh, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, ya ɗaga buhun ya duba, ya shafa wani shuɗin magani da ya bar wa Aura tambari har wata ya mutu, ya ce wa Baba, "Malam, ai ka gama aikin, ni shaida kawai na zo yi." Baba ya ji daɗin maganar nan. Ya daɗe yana maimaita ta a zaure.

Ranar da muka tabbata ya tashi ita ce ranar da ya tsinke igiya ya nufi jujin bayan gida, ya faɗa cikin toka yana birgima, ƙafafu huɗu a sama, ƙura ta turnuƙe, sannan ya miƙe ya kafa wani dogon kuka mai shaƙewa da ya watsa kajin unguwa. Iya ta ce, "To, baƙo ya yi sallama." Daga bazara ta gaba shi yake kai taki gonarmu ta hanyar Madara, mangala cike, ni a baya da 'yar tsumagiyar da ba a yarda in sauke masa ba. Baba ya sa aka ɗinka masa sabon akumari, aka rarake tsakiyarsa daidai inda tabon yake. Ba a hawansa in yana ɗauke da kaya, ba a kai masa hannu a fuska, in an dawo kuma sai an sauke akumari an ba shi ruwa kafin ka kai moɗa bakinka, ko da maƙogwaronka ya tsage. Na sha tsayawa ina haɗiyar yawu, ina sauraren yadda yake zuƙar ruwa ta tsakanin haƙora, a natse, ba ya sauri don kowa. Ya yi shekaru tare da mu, ya tsufa, gashin bakinsa ya yi furfura, ya san hanyar gona fiye da ni. Mai shi bai taɓa zuwa ba. Amma har ya mutu ban taɓa jin Baba ya ce jakina ba, sai dai ya ce, "Ku ba jakin mutane ruwa."

Kare ne mai wuyar sha'ani. Kyanwa tana da adudu, jaki yana da turke, dawakin Sarki Umaru Faruku da muke bi da gudu ran hawan sallah suna da barga da masu yi musu ciyawa da masu wanke su, shi kuwa rabonsa jifa. Ni da ƙanena muka sami namu, ɗan kwikwiyo, a gefen babban titin da ya taho daga Kano ya wuce Potiskum, uwar a kwance mota ta bi ta kanta, 'yan'uwansa sun riga sun yi shiru, shi kaɗai yana ta tura baki a cikinta yana neman nono. Muka ɓoye shi a kangon bayan gida cikin fasasshen tulu, muna satar masa ƙanzo muna jiƙawa. Sai da na girma na tuna cewa a kwanakin nan ƙanzon da Iya take bari a gindin tukunya ya ninka, kuma ta daina tambayar inda yake tafiya.

Asiri ya tonu daren da ya ga farin wata ya ɗaga kai. Da safe aka kai ƙararmu zauren Baffa, wan Baba, wanda yake biya wa manya Risala bayan asuba, zaure mai warin tawada da buzu da hayaƙin kara. Muka durƙusa, kwikwiyo yana waje ɗaure da igiyar guga yana ta kuka. Baffa ya bar mu muka jiƙu da tsoro tukuna. Sannan ya ce littafi bai yarda a ajiye kare a gida haka kawai ba, sai don gona, ko dabbobi, ko farauta. Ya yi shiru yana shafa gemu. Can sai ya ce amma an ruwaito shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, kare ya ajiye, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ɗaure. Almajirai suka ƙyalƙyale, Baffa ya harare su.

"Gidan nan akwai awaki ko babu?"

"Akwai, Baffa."

"Akwai jaki?"

"Akwai."

"To, makiyayi ne. Kada ya tsallake zaure. Kada ya sa baki a ƙwarya, in ya sa a wanke sau bakwai. Ku tashi ku ba ni wuri."

Iya ce ta raɗa masa suna, kuma ba don shi ta raɗa ba. Akwai wata maƙwabciya da ta yi ta bin gidaje tana cewa gidan malamai guda an koma kiwon kare, mala'iku sun yi ƙaura. Sai Iya ta sa masa Bar-su. Da yamma, daidai lokacin da ta san matar tana tsakar gidanta tana tankaɗe, sai ta tako har bakin garka da ragowar tuwo, ta ɗaga murya yadda za ta haye katanga: "Bar-su! Bar-su, zo ka ci, Allah ne ya ba ka!" Ko da wasa hannunta bai taɓa sauka a jikinsa ba, takan ma tattare zane in ya matso. Amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Ya girma ja, siriri, kunnuwa a tsaye, wutsiya a naɗe. Da hunturu a tsakanin ƙafafun Aura yake kwana, da safe su tashi su biyu da ƙaiƙayi a jiki, in na tafi makaranta ya raka ni har inda ake jin ƙararrawa, ya tsaya, ya san iyakarsa.

Wata bazara, irin wadda ƙasa take gasa tafin ƙafa tun hantsi, aka ce mahaukacin kare ya ciji yaro a wata unguwa. Bayan 'yan makonni yaron ya fara firgita in an kawo masa ruwa, ya rasu. Na tuna yadda gari ya yi tsit, sannan ya tashi gaba ɗaya. Samari suka fito da sanduna da kulake, duk karen da aka gani a hanya ba a tambayar na waye, kuma wanda ya ji kukan uwar yaron nan ba zai ce ba su da dalili ba. Baba ya ja Bar-su har asibitin dabbobi, aka yi masa allurar da ake kawowa daga Vom cikin ƙanƙara, aka ba da 'yar takarda mai hatimi, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Iya ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta mayar masa. "Sanda tana karatu ne?" Ta ce a kai shi Katagum wajen ƙanenta, mai lambu a fadama.

Ni aka haɗa da wani yayanmu. Muka zura shi a buhun gyaɗa, kai a waje, muka hau bayan wata tsohuwar Bedford mai bodin katako, tsakanin buhunan gishiri da tulin tabarmi da matan da suke komawa daga biki, waɗanda suka yi ta a'uziyya suna janye ƙafa. Yaron mota ya ce sai an biya masa kuɗin mutum guda. Aka yi ta ja, aka tsaya a rabi. Hanyar yashi ce, mota ta kafe a sauka a tura, a hau ta sake kafewa, ƙura a haƙori, warin baƙin mai a hanci, shi kuma yana rawar jiki a cinyata, zuciyarsa tana dukan tafin hannuna da sauri. Da muka iso kogi ruwa ya ja baya, sai farin yashi da 'yan tafkuna, masunta a ciki da homarsu, hayaƙin banda yana tashi daga bukkoki. A ƙetare ga garin Iya, da ragowar ganuwarsa da ta zaizaye, da kukoki tsirara. Bai kai rabin wanda ta gina mini a kai ba.

Mun tarar da Kaka, ƙanen Iya, yana ban ruwa da jigo, itacen yana kuka duk sa'ad da guga ya nitse. Ya saurari saƙo, ya goge hannu a jikin warkinsa, ya dubi karen da kyau. "Yaya ce ta aiko shi? To, ya zo gida." Ya jefa masa kan tarwaɗa.

Da na koma da hutun damina, tun daga nesa ya gane ni. Ya taho a guje ta cikin masara, ya yi ta zagaya ni yana wani kuka ƙasa-ƙasa, ya ɗora mini ƙafafu a ƙirji ya ɓata mini riga da laka. Ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, yana warin kifi da ciyawar fadama. Ranar komawa ya rako ni har bakin ruwa, na shiga kwalekwale ina ta kiransa, ya tsaya a gaɓa ya kaɗa wutsiya, ya juya ya koma wajen Kaka. Na yi kuka har muka hau mota. Da na faɗa wa Iya ko tausayina ba ta ji ba. Ta ce, "Ai ya yi hankali. Wa zai ga Katagum ya dawo nan?"

Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, yaron nan mai kuka saboda kare shi ne dai mai danƙo rataye a wuya. Mu ne masu bin ƙadangaru a jikin katangar masallaci, jan gwada ya fi daraja, mu ne masu ɗaure wa fara zare a ƙafa, mu ne masu kwashe ƙwan kurciya. Ran da gardawa suka shigo gari da kurarsu, takunkumi a baki, sarƙa a wuya, da gwaggon biri cikin 'yar riga, da ganguna da layu da kuratandu, mun bi su tun daga tasha har ƙofar fada, in an ɗaga kulki kura ta durƙusa sai mu yi sowa, mu jefa kwabon da aka ba mu na ƙosai. Ban tuna na ji wani abu a raina ba sai daɗi. Da daddare kuma in koma garka in zauna ina cire wa Bar-su kaska daga kunne ina jefawa a garwashi, ina jin suna fashewa. Zuciya ɗaya ce ta ɗauki duka biyun, ba ta kuma ji nauyi ba. Shamuwa ce kaɗai ta gagare mu. Takan sauka a tsamiyar gidan liman gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa inda ko makaho zai same ta da hoge, ta ɓata ƙasa da farin kashi, amma ba yaron da ya taɓa ɗaga mata danƙo. Ba wanda ya zaunar da mu ya hana mu. Mun taso ne mun tarar ba a yi.

Iya ba ta ga cutar bushiya da ta kama shanu a 1983 ba, na kuwa gode wa Allah. Lokacin na fara aiki, ina hawa babur zuwa ƙauyukan Chinade da Bulkachuwa, na ga garke a kwance a mashekari, ido da hanci suna zuba, na ga dattijon Bafulatani ya zauna a tsakiyarsu ya rufe fuska da malafa, ma'aikatan dabbobi suna bin waɗanda suka rage da allura. A 2011 aka yi shelar an shafe cutar daga doron ƙasa. Ungulayen kwata kuwa ba wanda ya yi shelar tafiyarsu, wata rana dai na ɗaga kai na ga rumfa ba kowa.

Yanzu jakuna ne a kan hanya. Taki da yashi sun koma kan amalanke da babur mai ƙafa uku, su kuma ana tara su daga kasuwanni irin su Maigatari, a loda a tirela a gangara da su kudu, har jihar Ebonyi, a yanka, a ci nama, a busar da fata a tura ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi magani. Irin motar nan ta taɓa wuce ni ina tsaye a bakin titi, kawunansu jere a saman bodi, kunnuwa suna kaɗawa cikin iska. A watan Fabrairun 2024 shugabannin ƙasashen Afirka suka zauna a Addis Ababa suka amince a hana yanka jaki don fatarsa. A rediyo na ji, ina shan koko.

Ran kasuwar da ta wuce na ratsa ta kara, ba don ina da abin saye ba. Can gefe ga wani aura a ɗaure, matashi, bayansa lafiya lau ba tabo, yana tsintar karmami. Na tsaya na shafa wuyansa. Dillali, yaro ne da bai kai autana ba, ya matso yana danna waya.

"Baba Alhaji, barka da kasuwa. Na aiki ake so ko na lodi?"

Na ce nawa ne na aikin. Ya faɗi kuɗin da na taɓa sanin ana sayen saniya da ɗanta da su. Na ce Allah ya kawo kasuwa. Ya ce amin, ya juya wajen wani mai jaka a hammata, wanda bai tambayi shekarun jakin ba, bai buɗe bakinsa ya duba haƙori ba, tafin hannu kawai ya ɗora a gadon bayansa yana auna faɗi.